Soyayyar Albasar Abdul-Fatawu

Damata na zaune a wani shagon aika kaya a unguwar Deira, can ƙasar Larabawa, rungume da robar da za ta aika Kumasi, sai wata dattijuwa 'yar Kano da ke gefenta ta shinshina iska.

"'Yata, soyayyar albasa nake ji?"

"Ita ce, Mama. Ɗana Abdul-Fatawu zan aika wa."

"Kayya! Kafin ta isa Gana ai ta yi laushi."

"Tawa ba ta laushi. Siriri nake yankawa, in barbaɗa gishiri, in matse ruwan tas, in juya ta cikin garin shinkafa, sannan ta shiga mai. Ba na rufewa sai ta huce."

"Masu ɗakinku ba sa ƙorafin ƙauri?"

"Kullum sai mun yi faɗa. Su yi ta yi. Yaron nan da hannu biyu yake cin ta, Mama, har ya lashe kwanon."

"Allah sarki. Ƙarami ne ke nan?"

"Da na taho bai shiga makaranta ba." Damata ta gyara murfin robar. "Yanzu gemu ya fara tsiro masa. A waya na gani."

Dattijuwar ta dubi robar.

"Har yanzu yana son ta?"

"Ban tambaye shi ba."

"To, ki tambaya mana."

"In ya ce a'a fa, Mama? Ita kaɗai na sani yana so."