Kukumar da take nuna mini majigi

Assalamu alaikum, mai gabatar da shirin rediyo, Allah ya ja kwana. Ni tsoho ne a wani ƙauye kusa da garin Suki, a ƙasar Sudan. Ina rubuta wannan hancina na taɓa takarda, don idona ya yi rauni.

Duk bayan tsinkar auduga motar majigi takan zo mana. Su rataya farin zane a masussuka, su nuna wani ɗan siririn mutum da ake kora da sanda, ba magana ba sauti. Abokina Ɗanjuma shi ke ba hoton murya da kukumarsa. In mutumin na gudu sai ya zuba kiɗa, in ya faɗa rijiya sai tsirkiya ta yi kukan akuya.

Da ganina ya ragu, sai ya riƙa zama kusa da ni. Yakan ce, "Malam, gyara haƙoranka biyun nan, ga shi zai faɗi." Sai in yi dariya tare da jama'a.

Bara ya bi masu aikin hawasha, wato gonakin noman rani, zuwa garin Managil, bai dawo ba. Bana motar ta zo, aka sa faifan kiɗa a madadin kukumarsa. Mutane na ta dariya, ni ina zaune kamar baƙo, ban san abin da ya faru ba. Na lallaɓa gida tun ba a gama ba.

Mutanen Managil, don Allah wanda ya san Ɗanjuma mai kukuma ya ce masa ina raye, amma kada ya daɗe. In kuwa ya riga ni, ku faɗa mini, in yi masa addu'a.

Ku huta lafiya.