Ɗana Ya Kai Kuka, Malami Ya Kai Shi Asambuli

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Sunana Binta, ina ɗinki a Gwammaja, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Ɗana Sadiƙu yana aji biyar na sakandare. Tun rasuwar mahaifinsa ya daina cin abincin kirki, ya daina fita ƙwallo. An taɓa kai malaman makarantarsu bita kan yadda za su taimaki yaron da ke tunanin kashe kansa, har ga takardar shaida a rataye a ofis. Shi ya sa Sadiƙu ya samu malamin ajinsu a keɓe, ya ce, "Malam, na gaji da rayuwa."

Malamin bai neme ni ba, bai haɗa shi da likita ba. Washegari sai ya tsaya a asambuli yana wa'azi, wai wani maraya a aji biyar yana neman jefa kansa wuta. Marayu nawa ne a ajin? Yanzu "ɗan wuta" yara ke kiransa.

Da na je, malamin ya ce, "Hajiya, ai nasiha na yi." Nasiha a gaban makaranta guda?

Ni na kai shi asibiti, kuma alhamdu lillahi yana samun sauƙi. Amma ya rantse ba zai sake faɗa wa wani babba damuwarsa ba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara, wa zan kai wa ƙara? In bitar nan ba ta koya musu riƙe amana ba, me ta koya musu?