Salgar da na buɗe ranar ruwan sama

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Kurmin Sarki nake rubutowa, a nan Suleja. Don Allah a sakaya sunana.

A layinmu, idan ruwan sama ya yi ƙarfi, wanda salgarsa ta cika yakan buɗe mata hanya zuwa kwata, ruwa ya tafi da ƙazantar. Ranar Talata na buɗe tawa. Na tabbatar da ranar, domin kullum ina rubuta abin da na yi.

Ashe shara ta toshe kwatar a gangare. Ruwa ya juya gidan Malam Isa tela, ya malala cikin rijiyarsu. Ranar Juma'a 'yarsa Hauwa ta fara amai da gudawa. Lahadi muka binne ta.

Da na je ta'aziyya ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, kai ka taya mu kwashe ruwan nan, Allah ya saka." 

Wataƙila ba tawa kaɗai ba ce, ban sani ba. Amma har yau rijiyar suke sha, ga yara biyu. Na ce su daina, ya ce ai ruwan ya washe. Masu saurare, in gaya masa abin da ya shiga cikinta, da wanda ya sake shi?