Na Ƙame a Gaban Likitan Soja

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Abin da na yi shekara shida ina nema ba shi da yawa: kuɗin rauni da ake ba mazan jiya wata uku-uku. Bakin mutum bakwai ke ci daga hannuna. Ni dillalin fatu ne a kasuwar Tawa, kuma na kai inda ba na iya ɗaga ƙirgi ɗaya. Ina sojan Faransa motarmu ta kife, akwatunan harsashi suka danne mini baya da wuya.

Sau biyu ina zuwa Yamai a duba ni, sau biyu ana mayar mini da takardu. Bisa babbar mota nake tafiya, in mun isa sai an kama ni nake sauka. Amma da na ga aninai a kafaɗar likita, sai in ƙame, in miƙe wuya. In ya ce in duƙa, in cije in duƙa har ƙasa. In ya tambayi ciwo, in ce da sauƙi. Haka aka hore mu, kuma Ba'adare irina, mutumin ƙasar Adar, ba ya raki gaban baƙo. Shi ko abin da ya gani ya rubuta.

Na gaji, 'yan'uwa. Na koma ga giya, ina huce haushina kan matata.

Wata ranar kasuwa ina zagin likitoci, Saje Mamman na Barmu, wanda muka yi soja tare, ya yi mini dariya. Ya ce, "Kai dillali, ka saba ɓoye aibin haja. Ka tallata musu kanka lafiyayye, sun saya. Mi kake ma kuka?"

Lahadin nan, da aka watse daga sujada, na kasa ko durƙusawa. Na kwanta a tabarma na ce, "Ya Ubangiji, har a gabanka ƙamewa nake yi. Na karye. Ka ɗauke ni haka nan." Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Na sake ɗaukaka ƙara. A karo na uku na shiga da sandata, na roƙi kujera. Da likita ya ce in duƙa, na tsaya inda ciwo ya tsai da ni. Kunya kamar ta kashe ni, amma Yesu ya riƙe ni.

Bayan wata goma amsa ta zo. Sun karɓi raunin baya. Sun ƙi na wuya, wai ba a rubuta shi a littafina na soja ba, kuma da gaskiyarsu, ban taɓa kai kukansa ba.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, kada ku ɓoye masa inda kuka karye.

Jakai biyu na sayar don kuɗin mota, shekarun da suka wuce ba a biya ni kuɗinsu ba, wuyana har yau ba ya juyawa hagu. Amma kuɗin raunin baya na zuwa, na bar giya, matata ta daina jin tsoron shigowata gida. Ni ɗan kasuwa ne, na auna. Ban faɗi ba.