Ranar Uku a Kantin Magani

A bencin wani kantin magani a Kumasi, Serwaa na riƙe da takardar likitan haihuwa sai wata budurwa cikin baƙi da ja na makoki ta zauna gefenta, tana jujjuya kwali.

"Anti, wannan ƙwayar hana ciki ta gaggawa, da dare ake sha?"

"Yaushe abin ya faru?"

"Daren Juma'a. Washegari muka tafi jana'iza ƙauye, kin san ba a tashi sai an gama kiɗa."

"Yau fa Litinin! Irin wannan ƙwayar a cikin kwana uku ake shan ta, ke kina jiran dare? Ga ruwa, haɗiye. In kika yi amai kafin awa biyu, ki dawo ki sake wata."

"Kai, Anti, nas ce ke?"

Serwaa ta ja tsaki. "Shekara tara ke nan ina ƙirga kwanaki. Ina bin ciki da azumi da allura, ke yana bin ki kina gudu."

Budurwar ta haɗiye, ta leƙa waje. "Wancan da ya riƙe miki jaka cikin rana, mijinki ne?"

"Shi ne."

"Ni saurayina, tun Asabar wayarsa a kashe take."