Cuku Na Ce, Ba Cakulan Ba

ALOYS: Alo, Yaya Leonie? Ina kwana?

LEONIE: Lafiya lau, Aloys. Ya sanyi? Ya gonar inabi?

ALOYS: Lafiya. Ya gwiwar?

LEONIE: Tana nan tana cizo. Ya Mathilde da yara? Karen ya warke?

ALOYS: Ya warke. Yaya, Monsieur Kieffer ya zo cin abincin jiya?

LEONIE: Wa? Layin yana kakarewa.

ALOYS: Kieffer, mai gidan abinci a garin Colmar! Wanda na roƙe ki ki ba shi giyata ya ɗanɗana, ko zai saya.

LEONIE: Au, ya zo. Ya cusa hanci a kofi kamar mai neman ɓera, ya ce yana jin ƙanshin zuma, ya ce busasshen lemu, har wani dutse mai laima. Na ce bawan Allah, ka taɓa lasar dutse ne?

ALOYS: Madalla, yabo ne wannan! Sai kika kawo cukun Munster?

LEONIE: Wane cuku? Cakulan ka ce.

ALOYS: Cuku na ce! Cuku mai gishiri da wari, shi ke tare zaƙin giyar!

LEONIE: To ni cakulan na ji. Kek na gasa, har da zuma a kai.

ALOYS: Zaƙi kan zaƙi? Na bar inabin nan a kan itace har ƙanƙara ta sauka, na tsince shi ɗaya-ɗaya yatsuna suna daskarewa!

LEONIE: Ka bar shi ya ruɓe dai, lalaci ya hana ka girbi da mutane.

ALOYS: Ruɓar ce darajarsa! Me ya ce bayan kek ɗin?

LEONIE: Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce maganin tari.

ALOYS: Kin kashe ni.

LEONIE: Kwantar da hankalinka, na ceci sunanka. Ragowar kwalbar na juye a tukunya na dafa tuffa da ita. Sai da ya share faranti da burodi. Zai saya, ya ce.

ALOYS: Da gaske? Zai sa ta a teburansa?

LEONIE: A kicin. Ya ce bai taɓa samun giyar girki kamarta ba. Ba ka gode ba? Alo? Aloys? Kai, ɗan nan tun yana yaro ba shi da godiya.