Turken Mala Zarami

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Allah ya ja zamanin Hakimi, uban ƙasa. Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke gefensa. Gaisuwa ga Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, da Bulaman kowane ƙauye, da dattawa, da dukan jama'ar da ta cika ƙofar fada. Assalamu alaikum.

Ni ne Ja'afaru, tsohon ɗan baka, maharbi a rundunar Mala Zarami. Na gode da aka ba ni dama in yi magana, kuma ina roƙon a yi haƙuri da ni, domin da ɓacin rai na zo, ba zan ɓoye ba.

Na farko, in tuna muku wane ne Mala Zarami, tunda na ga mantuwa ta yi arha a garin nan. Ɗan sarki ne daga bakin Tafkin Chadi. Da sarauta ta faɗa wa ƙanensa, bai tayar da fitina ba, ya kwashi dawakinsa ya zo ƙasar Hadejia. Marigayi Hakimi ya ga jarumi, ya miƙa masa tuta, ya ba shi fadamar bakin mashigi ya ci da iyalinsa. Malam Shu'ibu da ya je Makka ya ce ko sarakunan Rum na dā sukan ba ɗan sarkin wata ƙasa rundunarsu. Ranar da Mala ya karɓi tutar nan, ban ji wanda ya tambayi sunan kakansa ba.

Na biyu, abin da aka yi shekaranjiya. Kun san al'adarmu: idan kogi ya janye ya shafe iyakoki, kowa ya tsaya a gonarsa ya ambaci kakan da ya nome ta, dattawa su shaida, Sarkin Noma ya kafa turke. Mairam, matar Mala, ta tsaya da marayunta. Aka ce, "Baiwar Allah, wane ne kakan?" Ina kaka a nan ga wanda ya zo daga Chadi? Tukur, ɗan garin nan, ya tako ya ce wa Sarkin Noma, "Ranka ya daɗe, kakana ya taɓa shuka alkama a nan." Aka tumɓuke turken Mala, aka jefar a taɓo. Idan aka bar haka, bana iyalin Mala ba su da hatsin da zai kai su damina.

Na uku, Tukur, ɗan'uwa, da kai nake. Shekarar da mahara suka sauko mashigin nan, ina kakanka yake, kai kuma ina kake? Cikin ganuwa kake, ƙofa a rufe. Mala ne ya shiga ruwa har ƙirjin doki, yana ce mana da Hausarsa mai karye-karye, "Kada wanda ya wuce sai ta kaina." Ba wanda ya wuce. Shi ma bai dawo ba. Malam Liman na nan zaune, shi ya ce a binne shi inda ya faɗi, da rigarsa da jininsa, ƙarƙashin tsamiyar da ke cikin fadamar nan.

Ban zo rushe al'ada ba, Allah ya kiyaye. Amma kun tambayi Mairam wanda ya noma ƙasar, ba ku tambaye ta wanda ke kwance a cikinta ba. Ashe baƙo ya isa ya mutu mana, bai isa 'ya'yansa su ci tuwo da mu ba? Wannan abin kunya ne, kuma kunyar tamu ce gaba ɗaya.

Ranka ya daɗe, ga turken nan a hannuna, na tsamo shi na wanke. Hukunci naka ne. Idan ka ce a mayar, da kaina zan kafa. Idan ka ce a ba Tukur, to a kafa nasa, amma ya fara zuwa ƙarƙashin tsamiya, a gaban kowa, ya gaya wa mai kabarin cewa shi baƙo ne.

Allah ya jiƙan Mala, ya raya marayunsa, ya ba Hakimi ikon yin adalci, ya albarkaci noman bana, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.